Damtsen Malam da Wuƙar Layya

Matso kusa 'yar uwa, kai ma ɗan uwa jawo tabarma. Akwai maganar da ta hana ni sakat tun Babbar Sallar da ta wuce, na kuma lura in ban amayar da ita ba haka zan yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da madafi kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai. Maganar hannun maigidana ce, na dama. Ba karaya ba ce, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. In ka gan shi yau cikin babbar riga sai ka rantse ko ƙaya ba ta taɓa sukarsa ba. To, wannan ɗin shi ne abin da ya cuce mu.

Sunana Habi, a Yalwawa muke zaune nan cikin Dutse. Malam yana da 'yar makarantar allo a soro, yana kuma noma gonar gado can wajen Kiyawa. Amma abin da aka fi saninsa da shi a layinmu shi ne yanka. Ranar layya, da an sauko daga idi liman ya yanka nasa, sai ka ga ana ta jawo raguna gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Haka aka yi wa mahaifinsa, haka ake yi masa. Ba biya ake yi ba, sai dai wanda ya ga dama ya aiko da wuyan yanka. Mutane kan ce hannun Malam sau ɗaya yake wucewa.

Ba yabon banza ba ne kuwa. Ni ban yi zurfi a karatu ba, amma ko jikina yana tsakar gida kunnena yana soro. Na sha jin yana koya wa magidanta bayan la'asar cewa in ka ɗora wuƙa ka fara yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya, ba ka ɗagawa sai ka gama. In ta kuɓuce maka ka mayar nan take, da sauƙi. In kuwa aka ɗau lokaci, dabba ta zama mushe, ba ci, ba layya. Shi ya sa kowa yake son hannun da ba ya tsayawa a hanya.

Abin ya faru ne kakar bara waccan. Ana loda buhunan gero a amalanke, ɗaya ya zamo zai faɗo wa Sale, ƙanin Malam, a ƙafa. Malam ya tara hannu ya tare. Sale ya ce min da kunnensa ya ji wani abu ya ce tas, kamar igiyar guga ta tsinke a rijiya. Malam ya durƙusa yana salati, gumi ya karyo masa.

Daga gonar suka wuce wajen mai ɗori. Tsohon ya lalluba tun daga kafaɗa har yatsu, ya ce, "Malam, ƙashinka lafiya lau, ko tsagewa babu. Targaɗe ne." Ya ja, ya murza, ya shafa man shanu, ya yi tofi. Suka dawo gida muna ta hamdala. Ka san mu a wajenmu ciwon hannu iri biyu ne, karaya da targaɗe. In ba wannan ba ne to wancan ne, na uku babu. Kuma ni ba zan zagi mai ɗorin nan ba, shi ya gyara min ƙafa ina yarinya. Abin da ya sani shi ne ƙashi, kuma ƙashi lafiyarsa ƙalau.

Kwana biyu lungun gwiwar hannun ya yi baƙi ƙirin da taruwar jini. Da kumburin ya saɓe sai muka ga wani curi ya taru can sama kusa da kafaɗa, kamar an dunƙula fura an cusa a ƙarƙashin fata, ƙasansa kuma ya zama rami. Sale har da tsokana: "Yaya Malam, irin wannan ƙwanji haka, dambe za ka koma ne da tsufa?" Muka yi dariya. Wanzami ya zo ya duba ya ce mataccen jini ne ya daskare. Sau uku yana kafa ƙaho a kan curin nan, yana zuƙo jini yana nuna mana a ƙoƙo, muna cewa ka ga mugun abu. Curi bai ragu ko kaɗan ba. Amma zafin ya tafi da kansa bayan 'yan makonni, shi ke nan kowa ya ce an warke.

Ni ce ban yarda ba, don ni nake gida. Ni na ga ya koma buɗe kwaɗon soro da hagu. Ni na ga in ya jawo guga biyu, na uku sai ya ce bari ya duba ɗalibai. Murfin kwalbar zuma ma sai ya miƙo min yana cewa hannunsa da maiƙo. Layyar farko bayan ciwon ya yanka wa kowa, an watse ana yabo, amma da ya shigo ɗaki na miƙa masa kofin ruwa rabinsa a rigarsa ya ƙare. Damtsen yana ta rawa shi kaɗai kamar naman da aka feɗe yanzu. Na ce Malam. Ya ce gajiya ce.

Haka muka ci shekara, har bayan Ƙaramar Sallar bana da sati biyu. Yayarsa ta zo daga Kiyawa, na kamo zakara na riƙe masa a bayan madafi. Ranar tun safe yake gyaran danga. Ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa, sai na ga hannun ya tsaya cak, ya ƙage. Ya cije leɓe ya danna da ƙarfin kafaɗa ya ƙarasa. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Amma na gani, ya kuma ga na gani.

Ya ce, "Ba ki ga komai ba."

Na ce, "Malam, saura sati takwas layya."

"Na iya lissafi."

"In zakara ya yi maka haka, rago fa? Raguna fa?"

Ya goge wuƙar da ƙasa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Habi, rufin asirin miji a bakin matarsa yake. Ban yarda ko Sale ya ji ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Kaico da wannan na ji ɗin.

Satin farko ban bar shi ya huta ba. In na kawo abinci asibiti, in na kawo ruwan alwala asibiti. Da ya ga zan fara kuka a gaban baƙuwa sai ya ce to za shi, amma da sharaɗi: a ce ni ce ba lafiya, rakiya yake yi min. Na ce na yarda, ko cewa za a yi aljanu ne suka taɓa ni.

Ashe na ɗauko wa kaina aiki. Kafin azahar labari ya zaga layi cewa Habi hawan jini. Mata suka yi ta sallama. Wannan ta kawo tafarnuwa, waccan ta ce zoɓo ba sukari safe da yamma, wata ta ce in daina cin gishiri da man ja da tunani. Yayar Malam ta aiko da saiwoyi cikin leda ta ce in jiƙa da jar kanwa. Ni da ko ciwon kai ba na yi, sai ga ni ina langwaɓe wuya ina cewa da sauƙi. Allah ya yafe min, ya saka musu da alheri, don tsakani da Allah suka yi.

Sati na biyu muka je asibitin gwamnati. Muna idar da asuba muka fita, amma muka tarar da layin yankar kati har ya lanƙwasa ya bi jikin katanga, kamar a can mutane suka kwana. Benci ba wuri. Malam da bai saba a ce masa matsa can ba, sai ga wata malamar asibiti sa'ar 'yar cikinsa tana cewa, "Baba, in ba za ka bi layi ba ka koma gida." Ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ranar ba mu ga likita ba, an ce ya shiga tiyata. Washegari muka ga wani matashin likita, ko ɗago kai bai yi sosai ba ya rubuta a je a yi hoto. Wurin hoton aka ce ba wuta, a dawo jibi.

Sati na uku hoto ya fito, aka ce ƙashi lafiya lau. Zo ka ga Malam a hanya, har da sauri yake yi ina binsa. "Kin ji ko? Abin da mai ɗori ya faɗa da man shanu, shi suka faɗa da lantarki. Sai a bar ni in sarara." Na ce ai an ce mu mayar wa likita da hoton. Ya ce likitan me. Na zauna a bakin wata baranda na ce to ni hawan jinina ya tashi, ba inda za ni. Mutane suka fara kallo. Dole ya juyo.

Allah ya taimake mu ranar wani dattijon likita ne a ɗakin, mai furfura a gemu. Wannan bawan Allah ko yanzu na ɗaga hannu sai na sa shi a addu'a. Ya kalli hoton ya ajiye gefe. Ya ce Malam ya cire riga. Da ya ga tabon ƙaho jere a kan curin sai ya yi ajiyar zuciya. Ya ce Malam ya lanƙwasa hannun hagu, ya sa yatsa a lungun gwiwar ya maƙalo wani abu. Sannan ya ce, "Hajiya, zo ki sa yatsanki nan."

Na sa. Na ji abu kamar igiya, a miƙe, da tauri.

"To sa a na dama."

Na sa. Yatsana ya nutse kamar a cikin ƙullu. Ba komai.

Ya ce, "Ina igiyar take?"

Na ce, "Babu, likita."

Ya ce, "Hoton ƙashi ba ya ganin nama. Wannan curin da kuke ta yi wa ƙaho ba jini ba ne, naman damtsen ne da kansa. Jijiyar da ta ɗaure shi da ƙashi ce ta tsinke, ya tattare ya gudu sama. Yaushe abin ya faru?"

Malam ya faɗa masa. Likita ya cire tabarau ya murza ido. "Da a satin farko ko na biyu kuka zo, ɗinki ne kawai. Yanzu ta ja da baya ta bushe a can."

Wannan maganar, ɗinki ne kawai, har yau in ina tankaɗe sai in ji ta a kunnena. Satin farko da na biyu muna ina? Muna nan muna leƙa ƙoƙon wanzami.

Ya tura mu Kano wajen masu aikin ƙashi da jijiya. Sati na huɗu ya tafi a neman guzuri, akuyata ce ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Na biyar muka hau mota a tasha. Can ma layi ne, sai dai nasu da lamba. Aka yi wa Malam hoton nan da ake shafa wa mutum abu mai sanyi ana goga na'ura, irin na masu juna biyu. Yana kwance yana gunaguni, "Abin da ya rage ke nan, a ce min mace ce ko namiji." Mai hoton ta yi dariya har ta saki abin.

Babban likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ana iya aiki, amma sai an yanko jijiya daga ƙafa an yi ƙari, hannu ya yi watanni a ɗaure, kuma ba zai yi alkawarin ya koma kamar da ba. Ko kuma a bar shi haka, a riƙa zuwa gashin ƙashi, sauran naman hannun su koyi ɗaukar nauyin. Ya ce hannun zai yi aiki, amma in aka maimaita masa abu mai ƙarfi zai gaji ya ƙage ba sallama.

Malam ya ce, "Likita, yanka fa?"

"Yankan me, Baba?"

"Layya."

"Guda nawa?"

"Abin da Allah ya kawo. Na unguwa."

Likita ya ajiye biro. "Ka yanka naka guda ɗaya. Sauran ka ba wani."

Tun daga Kano har muka hango duwatsun garinmu Malam tagar mota kawai yake kallo. Na sayi gurasa a hanya na miƙa masa, ya riƙe ta a cinya har muka sauka.

Sati na shida muka fara zuwa gashin ƙashi a nan Dutse. Suka ba shi wata roba mai faɗi ya riƙa ja, suka nuna min yadda zan gasa da tawul da ruwan ɗumi in murza. Sai ya tura ƙyaure yake jan robar, kada ɗalibai su gani. Ni kuwa safe da yamma ina kan gashi, har tafin hannuna ya saba da zafi. Kuma ba zan yi ƙarya ba, an ga canji. Wata safiya na ji ya ƙwala min kira daga soro, na fito a guje da ludayi a hannu, ashe kwaɗo ya buɗe da dama. Yana ta murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Na taya shi murna, amma ba har zuci ba. Na san abin da yake karantawa a jikin kwaɗon nan.

Na bi ta lalama. Na ce Malam, ko bana a raba aikin, Sale ya kama maka?

Ya ce, "Sale da yake runtse ido in ana yanka kaza?"

"To a gaya wa mutane kowa ya nemi wani."

Can ya ce, "Habi, gona yanzu rabinta Sale ke yi min, kowa yana zaton zumunci ne. Ruwa ke kike ja. Baba har shekarar da ya rasu shi ya yanka wa layin nan, yana dogara sanda. In na fita na ce ba zan iya ba, me ya rage da za a zo ƙofar gidan nan dominsa?"

Na ce karatu fa?

Ya ce, "Kawo ruwan gashin, yana hucewa."

Satin ƙarshe ko zama ba na iya yi. In ɗora tukunya in manta ban zuba ruwa ba. Raguna sun cika layi da kuka, kowanne na ji sai in ce a raina wannan ma a wuyanmu yake. Ana saura kwana uku Sale ya shigo cin abinci kamar kullum. Ni da shi wasan ƙanin miji muke yi tun ina amarya.

Ya ce, "Uwargida ran gida, wace irin cuta ce wannan mai sa ƙiba? Kullum asibiti, kullum kumatu ƙara fitowa suke."

Na ce, "Ci ka ba ni kwanona, tuzurun banza. Ka yi aure ka ga ko akwai mai ba ka ƙanzo."

Ya yi dariya ya kai loma biyu. Sai ya ajiye cokali, ya waiga soro, ya rage murya. "Yaya Habi, tsakaninki da Allah. Hannun nan ne ko? Ni na ji ƙarar nan da kunnena, kuma ƙafata ya tare wa. In akwai abu ki gaya min, in san inda zan tsaya ranar Salla."

Ina tsugune a bakin murhu. Saura kaɗan in faɗa masa. Na tuna na ji ɗin da na ce.

Na ce, "Wane hannu? Kai dai ka cika sa ido."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Shi ke nan." Ya ɗauki makullin adaidaitarsa ya fita.

Ranar Salla na gasa hannun tun kafin a tafi idi. Da aka sauko aka fara jawo raguna, na bar aikin da nake yi na shiga soro na laɓe bayan ƙyaure. Namu yana ɗaure a tsakar gida, don Malam sai ya sallami jama'a yake yanka nasa. Ba na ganin komai sai ƙafafu ta ƙasan ƙofa, amma ina ji. Bismillahi, Allahu akbar, sai shure-shure, sai a ce ma sha Allah, a ja wannan a kawo wancan. Na ɗaya. Na biyu. A na huɗu na ji muryarsa ta fara nauyi. A na biyar ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Na ce a raina, ya Allah ka sa ya ce ya isa. Na shida ya wuce.

Na bakwai ragon Iya Asabe ne, tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin layi. Ɗanta Ilu da wani maƙwabci suka kayar suka danne.

Na ji bisimilla. Kabbarar ce ta tsinke a tsakiya. Sai ƙarar ƙarfe a kan dutse.

Aka ɗauki salati. Masu riƙo suka firgita da ganin Malam ya dafe damtse ya yi baya, hannunsu ya saki. Na ji kofato. Ragon ya miƙe da rabin yanka a wuya ya ratsa tsakiyar mutane. Ban san lokacin da na buɗe ƙyauren ba. Ga jini ɗis-ɗis ya bi layi, ga maza sun bi shi a guje da manyan riguna, ga Sale can daga bayan taro yana ture mutane yana neman inda wuƙa ta faɗi. Da a kusa yake tsaye. Da a kusa yake, da kafin ragon ya motsa ya ƙarasa.

Sai a wani kango can ƙarshen layi suka ritsa shi, bayan ya zaga da su bayan gidaje. Sale ya ƙarasa yankan a can. Suka jawo shi suka dawo suka shimfiɗe a gindin darbejiya. Malam yana zaune a kan saiwa, hannun a ƙage a ƙirjinsa.

Ilu ya ce, "Malam, da ransa aka ƙarasa. Ya yi ko?"

Wani dattijo ya ce, "Ai Allah ya ga niyya."

Wani ya ce, "Ba a wani daɗe ba, Allah gafarta Malam. Ko ya kuka gani, jama'a?" Aka ce ƙwarai, ƙwarai. Ina jin su, so suke su rufa masa asiri. Kalma ɗaya zai faɗa a feɗe rago a wuce wurin, ba mai ja da shi, don shi ake tambaya.

Ya ce, "An daɗe."

"Malam, a dai duba."

"Na duba. Mushe ne." Ya miƙe da ƙyar. "Kuma ba laifin masu riƙo ba ne." Ya sa hagu ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, a gaban kowa, ga curi ga tabon ƙaho. "Jijiya ce ta tsinke, tun kakar bara waccan. Likita ya ce kada in wuce ɗaya, na ƙi ji. Habi kuma lafiyarta ƙalau, ni take rakawa asibiti. Ku yafe min. Sale, shiga ka kwanto na gida, na Iya Asabe ne. Kai za ka yanka, da sauran duka. Zan tsaya a kanka."

Sale ya zo ya wuce ni a soro. Ya kwanto ragon ya sake wuce ni. Ko inda nake bai kalla ba.

Ya yanka kuwa, bai runtse ido ba. Ina jin Malam yana cewa sauko da ita kaɗan, yawwa, kada ka ɗaga.

Da yamma nama ya yi ta shigowa gidanmu, cinya, haƙarƙari, hanta, har na rasa inda zan sa. Shekarar da ba mu yi layya ba ita ce muka fi kowace shekara suya. Mutanen layin nan Allah ya biya su. Ana cikin haka Iya Asabe ta yi sallama da kwano a hannu, ta kawo mana cinyar ragon da aka ba ta. Na shimfiɗa mata tabarma na durƙusa ina ba ta haƙuri, na ce ai namu ma ya fi girma.

Ta ce, "'Yar nan, ba nama nake ji ba. Uwar ragon nan ta mutu yana kwana huɗu, da bulumboti na shayar da shi. In na tafi suya a bayana yake tafiya. So na yi ya tafi ta hanyar Allah, ya tsaya min gobe. Ga shi can an haƙa rami an tura shi kamar kare." Ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta dube ni. "Ke kin sani?"

Na ce, "Na sani, Iya."

Ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Da zagina ta yi da na samu na yi kuka na huta.

Yanzu hannu yana nan yadda yake. Muna zuwa gashin ƙashi, yana jan robarsa a tsakar gida kowa yana gani. Maganar aikin Kano yau ya ce za a yi, gobe ya ce a bari sai bayan kaka. Magidanta ba su daina zuwa karatu ba, sun ma ƙaru. Shi ya samu sauƙin zuciya, har ƙiba ya yi. Ni ce dai. Sale yana shigowa ya gaishe ni da ladabi, ina wuni Yaya, lafiya lau, ya ci abinci ya ajiye kwano. Wasan nan ya mutu. Ƙosai kuwa sai dai in aika, ban iya tsayawa gaban kaskon Iya Asabe ba tukuna.

Don haka ga abin da zan ce maka. In naka ya tari kaya ya ji tas a hannu, aka ce ƙashi lafiya, kada ku tsaya hamdala a nan. Ku sa yatsa a lungun gwiwar hannun ku nemi igiyar nan, ku gwada da ɗaya hannun. In babu, ko ba ku gane ba, ku kama hanyar asibiti a satin, ko layin ya kai Kiyawa. Wannan na sani, ba na shakka.

Abin da ban sani ba shi ne ɗayan. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce rufa wa miji asiri wajibi ne, ta kuma ce hana cutar da Musulmi wajibi ne, ta bar ni a tsakiya. Shi ya sa na kawo miki, na kawo maka. Mijina ya ce kada in faɗa, na ce na ji. Ranar da Sale ya ajiye cokali ya ce tsakanina da Allah, da ke ce tsugune a bakin murhun nan, me za ki ce masa?